Taragon Gangaren Tudu

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Keffi ba. Mai son shiga jirgi sai ya hau mota ya bi hanyar Akwanga, ya sauka a Gudi ya zauna jira. Duk da haka akwai lokacin da muke da tarago a garinmu, har biyu, na fasinja da na kaya, a wani fili da ke ƙasan Gangaren Tudu inda mata suke shanyar rogo. Wani ɗan kwangila ne ya sayo su bayan an rufe ƙaramin layin dogon da ke kwasar kuza can wajen Jos, da nufin ya farfasa ya sayar da ƙarfen. Manyan motoci suka kawo su, gangar jiki daban, ƙafafu daban, da 'yan sandunan dogo, aka zube a filin. Kafin ya samo masu yankawa Allah ya yi masa rasuwa. Magada suka zo suka zagaya, suka ga wahalar ta fi ribar, suka watse. Awaki suka gaje wurin.

Mahaifina kafinta ne a reluwe. Ya yi Zariya, ya yi Inugu, ya daɗe a Kafanchan, mu kuwa muna unguwar Tudun Ƙofa tare da Inna. Sai lokacin hutu muke ganinsa, ya zo da burodi da ƙamshin fenti a jikinsa, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ba ya ma yarda idonsa ya daɗe a kaina. In yana son ruwa sai ya ce, “Kai, miƙo buta.” Haka na girma, na san shi ubana ne, amma ban san irin abin da ke ba shi dariya ba.

Ya yi ritaya shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa. Daminar da ta biyo baya Inna ta rasu. Ƙannena mata biyu aure ya kai su nesa. Gidan ya rage daga shi sai ni da matata da jaririyarmu. Ina koyarwa a firamare, in dawo in same shi a zaure ya zuba wa hanya ido.

Wanda ya fitar da shi daga zauren wani tsoho ne ɗan ƙabilar Mada, Kirista, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa injin jirgi gawayi. Duk gari Baba Mai Gawayi ake ce masa. Ƙarar inji ta taɓa masa kunne, saboda haka in yana magana sai ka ɗauka faɗa yake yi. Hausarsa kuma ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “shi” ne. Shi ya ja mahaifina zuwa filin wata ranar Asabar. Da suka dawo na ji mahaifina yana cewa, kamar da kansa yake magana, “Katakon maɗaci ne zalla. Gara ta ci ƙasan, amma saman lafiyarsa lau.”

Suka je wurin mai unguwa, mai unguwa ya yi wa magada magana, magada suka ce a yi yadda aka ga dama da shi. Wani maƙeri daga unguwar Yara ya shigo cikinsu. Shi bai taɓa aikin reluwe ba, son ƙarfe ne kawai ya kawo shi, mutum ne da zai yini yana tauna goro bai ce uffan ba. Su ukun nan suka fara da korar awaki da kwashe kashinsu, sannan suka shiga kankare tsatsa. Ba wanda ya sa su, ba wanda yake biyansu. In an tambayi Baba Mai Gawayi amfanin aikin sai ya daka tsawa, “Yaran garin nan bai taɓa ganin cikin jirgi ba! Ka ga ya dace?” Mahaifina kuwa cewa yake ba a barin katakon kirki ya ruɓe mutum yana kallo. Mutanen gari suna dariya suna cewa 'yan fansho sun rasa abin yi. Ni ma ina cikin masu dariyar, kuma ban taɓa ɗaukar ko guduma na miƙa musu ba.

Hankalina yana wani wuri. Lokacin ne aka koma tuƙi a hannun dama, aka daina fam da sule aka shiga naira, kuɗin mai ya fara zubowa. Duk wanda muka yi makarantar horon malamai da shi ya ajiye alli ya nufi Kaduna ko Ikko. Sukan zo gida da salla da rediyo mai kaset da takalmi mai tsinin dunduniya. Aminina, wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi a makaranta, ya shiga wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Farko a kan babur ya zo, zuwan da ya biyo baya kuwa a mota. Ya same ni a bakin makaranta da ƙurar alli a gaban riga.

“Wai kai har yanzu kana nan kana ba, bi, bu?” in ji shi. “Muna neman mai kula da sito, wanda ya iya lissafi kuma ba ya sata. Na ce musu ina da mutum. In an yi hutu ka taho.”

Na gaya wa matata. Washegari na ga ta sauko da akwatin aurenta ta goge shi, ta fara jera zannuwa a ciki.

Ana saura 'yan makonni a yi hutun, Baba, wato mahaifina, ya faɗi. Yana kan tsani yana gyaran rufin taragon, sai maƙerin ya ga guduma ta suɓuce daga hannunsa, shi ma ya biyo ta a hankali kamar buhu. Aka aiko makaranta aka kira ni. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka sallame mu. Ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi in ban da kalmomi ƙalilan. Ƙannena suka zo suka yi kuka, suka yi mako guda, mazansu suka aiko suka koma.

Tun daga ranar rayuwata ta zama ɗaki ɗaya da hanya ɗaya. Matata za ta dafa, ta wanke kayansa, amma suruki ne, ba za ta taɓa jikinsa ba, shi ma da ya ga inuwarta a bakin ƙofa sai ya ja mayafi. Yi masa wanka aikina ne, kai shi bayan gida nawa ne, juya shi don kada bayansa ya yi gyambo nawa ne. Mutumin da bai taɓa yarda mu haɗa ido ba, ga shi ina ɗaga shi tsirara ina cuɗa masa baya. Yakan rufe ido har in gama. Ni ma nakan kau da kai gwargwadon iko.

Sai ya daina cin abinci. Ya juya fuska ga bango, in na kai cokali sai ya damƙe baki. Ana cikin haka Baba Mai Gawayi ya shigo ba sallama da wata tagar katako a hammata, wadda suka ciro daga taragon. Ya ɗora masa a cinya.

“Duba!” ya ce da ƙarfi. “Mu bai san yadda za a fitar da gilashin ba. Maƙeri ya ce a fasa. A fasa?”

Hannun hagu na Baba ya fito daga mayafi. Ya bi gefen katakon da yatsa a hankali, ya tsaya a wani lungu, ya ƙwanƙwasa. Akwai wata 'yar ƙusar katako a wurin wadda fenti ya rufe. Ranar ya sha kunu rabin kwano.

“Ka kawo shi fili,” in ji Baba Mai Gawayi da zai fita. “In ya zauna nan, zai mutu.”

Maƙerin ya ba mu aron amalanke, na shimfiɗa katifa a ciki. Da farko ranar Asabar kawai nake kai shi. Daga baya ya zama kullum, don in la'asar ta yi bai ga na jawo amalanken ba sai ya dinga buga sandarsa a ƙofa har maƙwabta su leƙo. Tafiya gangara ce, sai dai in riƙe kada ya ƙwace mini. Dawowa ita ce aiki. Ina turawa ina haki, gumi yana shiga idona, motocin siminti suna wucewa suna yi mana oda, yaran da nake koyarwa suna gaishe ni, “Sannu Malam,” ni kuwa ko numfashin amsawa ba ni da shi.

A filin na zama hannunsa. Za a ajiye shi a gindin wani mangwaro, ni in riƙe zarto. Ban iya ba, kuma ba shi da bakin koya mini. In na kauce wa layi sai ya buga sanda a jikin amalanke. Cikin kalmomin da suka rage masa akwai “a'a”, akwai “sake”, akwai sunan Allah. Katako guda sai in yanka, in goge, in kawo masa, ya shafa da hannun hagu ya ce, “Sake.” Akwai wani benci da na harhaɗa na kwance har sai da tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Wata rana na jefar da gudumar na tafi bayan taragon na tsaya ina kallon daji. Ba wanda ya biyo ni. Da na gaji da tsayuwa na dawo, don ba mai mayar da shi gida sai ni.

Hutu ya zo ya wuce. Aminina ya sake zuwa, ya leƙa ya gaida Baba, muka fito waje.

“Na roƙe su sun ɗaga maka ƙafa,” ya ce. “Amma ka san aiki ba ya jiran mutum. Ba ka da wani ɗan'uwa ne?”

Akwai ɗan kawuna a ƙauye, saurayi mai haƙuri. Na hau keke na je na same su. Kawu ya ce ba zai sake shi da damina ba, amma in an gama girbi zai turo shi ya zauna da Baba. Na dawo na aika wa aminina cewa bayan girbi ina tafe.

Daminar nan ta yi mini tsawo. Matata takan buɗe akwatin ta ciro zane guda ta ɗaura, bayan kwana biyu ta ciro wani, har akwatin ya koma fanko. Wata rana ina wanke ƙafa a tsakar gida ta ce, “Malam, ni fa ban ƙara sa rai ba. In mun tafi to, in ba mu tafi ba to.”

“Za mu tafi,” na ce.

“Allah ya sa.”

Na fi son ta yi mini faɗa da wannan amsar.

Tsofaffin sun san zan tafi. Baba Mai Gawayi ya ce kafin su rasa mai ƙarfi a cikinsu, gara a ɗora taragon fasinjan a kan ƙafafunsa. Mun riga mun tono sandunan dogon daga cikin ciyawa, mun shimfiɗa su a kan gumagumen itacen ƙirya, daga gindin mangwaron zuwa bakin wani kwazazzabo. Maƙerin ya yi watanni yana jiƙa ƙafafun da baƙin mai har suka yarda suka juya. Abin da ya rage shi ne a ɗaga gangar jikin, a turo ƙafafun ƙarƙashi, a saukar.

Ranar wata Asabar ce da hantsi, kasuwa tana ci. Mun aro jak biyu na ɗaga manyan motoci daga tasha. Ruwan ƙarshen damina ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙasa ta bushe a sama amma cikinta da laushi, ba wanda ya lura a cikinmu. Muka ɗaga gefe ɗaya, muna ɗagawa muna cusa katakai, har ya yi tsayin da muke so. Muka turo ƙafafun a kan dogo suka shiga. Akwai wani ƙaton turken ƙarfe a ƙasan taragon da dole ya faɗa daidai raminsa a jikin ƙafafun, sai wani ya shiga ƙarƙashi ya gani da ido ya ce a matsa hagu ko dama. Ni ne mai gwiwar rarrafe. Na cire riga na shiga.

Ina kwance a rigingine ina cewa, “Kaɗan, kaɗan,” sai na ji wani sauti kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Jak ɗaya ya nutse cikin ƙasa. Katakan suka zame, taragon ya karkata ya sauko. Wani ƙarfen gindinsa ya danne mini cinyar hagu a kan gungumen ƙirya. Na ji ƙashin ya ba da ƙara kafin in ji zafin.

Ban suma ba, kuma na so a ce na suma. Katakon ƙasan taragon yana dab da hancina, har ina ganin layin zarton da ni na yanka. Ba na iya ɗaga kai, ba na iya juyawa. Ƙasa tana warin baƙin mai da tsohon kashin awaki. Haske ɗan siriri ne ta gefe, a cikinsa ina ganin ƙafafun Baba Mai Gawayi suna kai da komo. Yana ihu da yarensu, yana jawo duwatsu yana cusawa don kada abin ya ƙara sauka. Duk dutsen da ya cusa sai taragon ya yi ƙara, ni kuma in ce shi ke nan. Maƙerin, tsohon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, na ga ƙafafunsa sun nufi kasuwa da gudu ba takalmi.

Na yi salati har bakina ya bushe. Tururuwa suka hau wuyana, ba hannun kore su, don ɗaya yana maƙale ƙarƙashina, ɗayan na miƙa shi waje ina damƙar ƙasa.

Sai na ji wani abu ya faɗi tim daga wajen mangwaro. Na juya ido. Amalanken ne ya kife. Baba ya jefo kansa ƙasa. Na ga yana tahowa, yana kafa gwiwar hannun hagu yana jan sauran jikin, ɓarin da ya mutu yana binsa kamar kayan wani. Hularsa ta faɗi, ƙasa ta cika masa gemu. Ya daɗe kafin ya iso. Da ya iso ya kwantar da kumatunsa a ƙasa, ya leƙo, idonsa cikin nawa. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe. Bakinsa ya yi ta motsi, miyau yana zuba, can sai ya kira sunana. Sunana na yanka, a karkace, amma shi ne. Ya sake kira. Na ce, “Na'am, Baba.” Daga nan bai sake ni ba.

Kasuwa ta taso gaba ɗaya. Mahauta da jini a hannu, 'yan dako, Gwandara masu doya, direbobin tasha, har mata masu tallar nono. Kowa yana faɗin yadda za a yi, wasu suka kama taragon za su ɗaga da hannu, ya motsa, na yi ƙara. A nan muryar Baba Mai Gawayi ta yi rana.

“Kowa ya sake! Wanda ya taɓa, zan fasa kansa!”

Ya sa aka kwanto sandar dogo ɗaya daga ƙarshen layin, aka zura ta ƙarƙashi, aka yi mata matashi da gungume. Ya jera maza a kanta, ya sa wasu su tsaya da katakai a hannu. Ya ce in ya ce “Ya Allah” a danna tare, a kuma cusa katako nan take. Shi Kirista, su yawancinsu Musulmi, duk suka amsa da baki ɗaya. A dannawa ta farko na ji nauyin ya ragu. A ta gaba wani mahauci ya kama ni ta hammata ya fizgo. Da ni da Baba aka jawo, don an kasa ɓamɓare yatsunsa daga hannuna.

Mai ɗori ya zo gida ya ja ƙafar, ya jera mata kara ya ɗaure, ya ce kada in kuskura in motsa sai ya ba da izini. Aka shimfiɗa mini tabarma da katifa a ɗakin Baba. Ɗan kawuna ya iso bayan kwana kaɗan, girbi ya ƙare. Yaron da aka turo don ya karɓe ni, sai ga shi yana jinyar mutum biyu, ya kai wa wannan tasa ya kai wa wancan.

Ban san ɗaki yana iya ƙanƙancewa ba sai a watannin nan. Taga ɗaya ce, ƙarama, sama da kaina. Ta cikinta nake jin motoci suna hawan tudu suna canja giya, da ƙararrawar makarantarmu, da masu tallar gyaɗa. Na san kowace tsaga a jikin azara. In ƙafar ta yi ƙaiƙayi a ƙarƙashin karan sai in ciji mayafi. Baba yana gefe yana numfashi, ni ina nan ina numfashi, rana ta shigo ta bi bango ta fita. 'Yata ta fara tafiya a lokacin, takan zo bakin ƙofa ta tsaya tana kallonmu, uwarta ta janye ta.

Aminina ya zo ana sanyi. Bai zauna ba, ya tsuguna a bakin ƙofa, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Ya yi mana sannu, sannan ya ce, “Wallahi na yi iya yina. Sun ɗauki wani.”

“Ba komai,” na ce. “Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Na ji tashin motarsa har ta ɓace. Baba duk ya ji. Ya daɗe yana kallon rufi. Can wajen la'asar na ji yana kokawa da harshensa, irin yadda yake yi in kalma ta maƙale. Na juyo. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa.

“Ta… tafi,” ya ce.

Na dubi ƙofar, na dubi ƙafata da ke ɗaure cikin kara kamar dami.

“Da wace ƙafar, Baba?”

Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe dariya yake yi, da rabin baki, ba sauti. Ni ma ta kama ni, ina yi cinyata tana suka, na kasa dainawa. Hawaye suka zubo masa, ban san ko na dariyar ne ko na wani abu ba. Matata ta zo ta tsaya daga bayan labule tana tambayar ɗan kawuna ko lafiya.

Muna kwance aka gama ɗora taragon. Mai unguwa ya so ya hana aikin bayan abin da ya faru, amma mutanen da suka ɗaga shi ranar sun riga sun sa shi a ransu. Mahautan nan da 'yan dako suka riƙa zuwa ranar Asabar bayan kasuwa ta lafa. Wani direba ya kawo ragowar koren fenti, wani tela ya ɗinka wa bencuna riguna da tsohon tanti. Baba Mai Gawayi yakan zo ya ba mu labari da ihu, kamar muna ƙetaren kogi.

Da na tashi, ƙafar ta gajarce kaɗan, har yau da ɗingishi nake tafiya. Ruwan farko yana sauka Kawu ya aiko a mayar masa da ɗansa, gona tana jira. Na koma makaranta da safe, da la'asar na koma bayan amalanke, sai dai yanzu nakan tsaya hutawa a tsakiyar tudu in sa dutse a bayan taya.

Ranar da aka fara tura taragon, na kawo 'yan ajina. Muka ɗauki Baba muka zaunar da shi kusa da taga, na zauna gefensa na tallafe shi. Rabin yaran suka cika bencuna, rabi suka tsaya a baya tare da mahauta. Baba Mai Gawayi ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na jirgi, aka tura. Ƙafafun suka yi kuka, sannan suka saki. Mangwaro ya fara ja da baya ta taga. Yaran suka kaure da ihu, wata yarinya ta rufe ido ta ƙanƙame ƙawarta. Kafin ka ce kwabo mun isa bakin kwazazzabo, inda maƙerin ya kafa gungume. Aka zagayo aka turo mu baya, waɗanda suka tura suka shiga, waɗanda suka shiga suka fita turi. Haka aka yi ta yi har rana ta yi ja. Baba bai kalli waje ba ko sau ɗaya. Tafin hannunsa na hagu yana kan bangon taragon, yana sauraron katakon.

Na kayan ba a taɓa gama shi ba. Mun sa masa daɓen katako, maƙerin ya rasu, ba a samu mai taɓa ƙafafun ba. Na fasinjan kuwa ya yi shekaru yana aiki. Na riƙa koyar da manya karatu a cikinsa da yamma, Baba yana kwance a benci na baya. Daga baya gidaje suka cinye filin, wanda ya sayi wurin ya kira masu sayen tsohon ƙarfe.

Baba ya rayu shekaru masu dama bayan faɗuwarsa, fiye da yadda kowa ya zata. Maganarsa ba ta dawo ba, amma na koyi jin abin da yake nufi tun kafin ya buga sanda. Ya rasu da bazara, da rana tsaka, ina makaranta. Lokacin an fara gina sabon babban birni a yamma da mu, masu tafiya sun juya akala can. Ni kuwa na zama hedimasta, 'ya'ya sun cika gida, gashina ya fara fari. Masu zuwa gaisuwa suna cewa, “Ka yi jinya, Malam, Allah ya ba da lada. Yanzu sai ka huta.”

Bayan sadakar arba'in na ce wa matata zan je in ga Kaduna. Ta haɗa mini kaya a 'yar jaka. Na je, na sauka a gidan wani tsohon ɗalibina. Na nemi aminina aka ce ya daɗe da komawa Ikko. Na zagaya, na ga gadoji da dogayen gine-gine, na sha shayi a bakin titi, ba wanda ya san ni, ba wanda yake jirana. Abin da na daɗe ina so ke nan. Amma kullum la'asar ta yi sai in ji na miƙe tsaye da sauri kamar na makara, in rasa inda zan nufa, in koma in zauna. Ɗalibin nawa ya ce in ƙara kwanaki zai kai ni kallon ƙwallo. Na ce masa jarrabawa ta matso.

Na iso gida ana kiran magariba. Matata tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni.

“Har ka dawo? Yaya Kadunan?”

“Tana nan,” na ce.

Ta karɓi jakar, ta ce wa babbar 'yarmu ta ɗora ruwan zafi, zaman mota ya kumbura wa babanta ƙafa.